16,777,216: Halin Wata Lamba da Aikinta a Masana'antun Kano

Tun daga 2023 har zuwa ƙarshen 2024, kamfanonin rarraba wutar lantarki na Najeriya, ciki har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, sun yi ta shela ga masu mitar kati: kowa ya sabunta mitarsa kafin 24 ga Nuwamba 2024, in ba haka ba ta daina karɓar sabon kati. Aka riƙa ba mutane lambobi biyu, kowacce mai alƙaluma ashirin, a ce su danna ta farko, su bi ta da ta biyu, sannan su loda wutar da suka saya. Shelar ta faɗi abin da za a yi, amma ba ta cika tsayawa ta faɗi dalili ba. Shi ya sa raɗe-raɗi ya samu gindin zama, balle abin ya zo a shekarar da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilu, sannan a ƙarshen Oktoba Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta. Wanda ya sha waɗannan biyun, in ka ce masa ya danna wasu lambobi a mitarsa, ba ka ga laifinsa ba in ya zaci dabara ce ta sa ta ƙara gudu.

Ranar kuwa ba gwamnati ce ta zaɓe ta ba, ba kuma NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ba. Wata lamba ce ta yanke ta tun 1993, wato 16,777,216: miliyan goma sha shida da dubu ɗari bakwai da saba'in da bakwai da ɗari biyu da goma sha shida. Ita nake so mu zauna mu duba, asalinta da halinta da danginta, domin zamanta bai tsaya a mitar wuta ba. Tana cikin allon kwamfutar da ake zana kwalin kaya a kai, tana cikin na'urar da ke ƙirga kwalabe a kan layi, kuma duk inda ta sauka hali ɗaya take nunawa.

Manyan kamfanonin Bompai da Sharada da Challawa ba su ne shelar ta fi shafa ba. Yawancinsu suna kan manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 11 ko 33, da mitar da ake karantawa a kawo takardar biya a ƙarshen wata. Sai dai masana'anta ba ta rayuwa ita kaɗai. Kewaye da kamfanonin jimar fata na Challawa, da na robobi da kayan abinci na Sharada, da tsofaffin gine-ginen Bompai da suka girmi sauran, akwai mai walda da mai gyaran kwayil, akwai mai injin niƙa da mai ƙanƙara, akwai dubban ma'aikatan da ke kwana a Panshekara da Ja'en da Dakata da Kawaji. Mai mitar kati a cikinsu, kwanan wutarsa ya rataya ne a kan lissafin da zan bayyana.

Tsarin katin wuta da muke amfani da shi, wanda ake kira STS, daga Afirka ta Kudu ya samo asali a farkon shekarun 1990, daga baya ya zama ƙa'idar duniya. Alƙaluma ashirin ɗin da kake dannawa sutura ce kawai. A ƙarƙashinta akwai gurabe 66, kowane gurbi ba ya ɗaukar komai sai sifili ko ɗaya. An kasa su kamar haka: biyu da huɗu suna faɗin irin katin, huɗu lambar kan-mai-uwa-da-wabi ce don rikita mai son kwaikwayo, goma sha shida suna ɗauke da yawan wutar da ka saya, goma sha shida na tantance ko an danna daidai, ashirin da huɗu kuma suna ɗauke da mintin da aka sayar da katin. Ba mitar ce ke da agogon ba; kwamfutar mai sayarwa ce ke ƙirga mintoci tun daga daren 1 ga Janairu 1993, ta buga adadin a cikin katin. Ita mitar tana riƙe da jerin mintocin katunan da ta karɓa a baya-bayan nan. In ka kawo mata kati mai minti irin wanda ke jerinta, ta san an riga an loda shi. In mintinsa ya girmi mafi tsufa a jerin, ta ƙi shi a kan ya tsufa. Da wannan 'yar dabara ake hana kati ɗaya ya ci sau biyu, ba tare da mitar ta taɓa magana da ofis ba.

To, gurbi ɗaya yana da fuska biyu. Gurbi biyu, huɗu. Gurbi uku, takwas. Kowane ƙarin gurbi ninki ne, har ka kai gurbi 24, inda fuskokin suka zama 16,777,216. Mintocin da wurin zai iya ɗauka ke nan, daga sifili zuwa 16,777,215. Yini yana da minti 1,440. Ka raba, za ka samu kwana 11,650 da ragowar minti 1,216. Ka ɗora kwanakin a kan 1 ga Janairu 1993, kana lura da shekarun da Fabrairu ke yin kwana 29, za ka sauka a ranar Lahadi 24 ga Nuwamba 2024. Ragowar mintocin kuma su kai ka ƙarfe takwas da minti goma sha shida na dare. A wannan mintin gurabe 24 ɗin duk sun cika, ƙidaya ta koma sifili, sabon kati ya zo wa mita da fuskar katin 1993, ita kuma ta ƙi shi. Lambobin nan biyu da aka raba suna canza mabuɗin sirrin mitar, su share jerin tsofaffin mintoci, a soma sabuwar ƙidaya daga 1 ga Janairu 2014. Babu abin da suke taɓawa a wajen awon wuta. Kuma duk mai biro da takarda zai iya fitar da ranar da sabuwar ƙidayar za ta cika: 24 ga Nuwamba 2045.

Wani zai ce me ya hana a ƙara gurbi ɗaya tun farko, shekara 32 ta zama 64? Yatsun mai dannawa ne suka hana. Gurbi 66 suna ba da 73,786,976,294,838,206,464, adadi mai alƙaluma ashirin. Da an kai 67, da adadin ya tsallaka zuwa alƙaluma ashirin da ɗaya. Saboda haka duk gurbin da za a ƙara wa minti, sai an ƙwato shi daga yawan wuta ko daga tantancewa, ko kuma a tsawaita abin da tsoho zai danna cikin duhu da tocila. A ganina zaɓin da suka yi mai hankali ne. Inda aka gaza shi ne wajen bayani, domin wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba, kuma da an karanta shi a rediyo da Hausa, da rabin zargin bai taso ba.

Yanzu mu bar mitar mu fuskanci lambar ita kanta.

Abu na farko da mai lissafi ke tambayar lamba shi ne cika ce ko mara. Tamu tana ƙarewa da 6, don haka cika ce. Amma cikar ma iri-iri ce, kuma magabata sun daɗe da bambance su. Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan ta yau, ya rubuta littafin gabatarwa ga ilmin lissafi wajen shekara ta 100 miladiyya, Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya mayar da shi Larabci, daga nan rabe-rabensa suka shiga littattafan hisabi na duniyar Musulmi. A cikinsu akwai cikar da in ka raba ta biyu sau ɗaya sai ka faɗa kan mara, kamar 6 ko 10. Akwai wadda ke rabuwa sau biyu ko uku kafin ta cije, kamar 24, da ke zama 12, ta zama 6, ta tsaya a 3. Akwai kuma wadda ba ta cijewa sam, kana raba ta biyu tana ba ka hanya har ku isa ɗaya. Ita ce malaman hisabi ke kira zaujuz zauji. Tamu ta wannan gida ce. Ka raba ta biyu ka samu 8,388,608, ka sake ka samu 4,194,304, haka har sau 24, ba ragowa ko sau ɗaya. Masu zana hatimi ma da irin wannan tambaya suke farawa, domin yadda ake cika gidajen hatimi mai gefe uku ko biyar daban yake da na mai gefe huɗu, kuma daban da na mai gefe shida. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rubuta Bahjatul Afaƙ ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna ne a kan hanyoyin gina hatimai masu gefen mara. Ke nan kasa lambobi gida-gida ilmi ne da wani Bakatsine ya kai Masar kusan shekara ɗari uku da suka wuce.

Kowace lamba ana iya warware ta zuwa lambobin tushe, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Lamba 360, alal misali, biyu ce sau uku, uku sau biyu, biyar sau ɗaya, an riɓanya su da juna. Tamu kuwa duk girmanta tushe ɗaya gare ta. Biyu ce aka riɓanya da kanta sau 24, ba gauraye. Daga nan sauran halayenta suka tsiro. Tunda 24 tana kasuwa hanyoyi da yawa, ita ma tana fitowa da kamanni da yawa: 4,096 sau 4,096 ce, don haka murabba'i ce cikakkiya, 256 sau 256 sau 256 ce, 64 ce sau huɗu a jere, 16 sau shida, kuma takwas ce da aka riɓanya da kanta sau takwas. Lambobin da ke raba ta ba ragowa guda 25 ne kacal: 1, 2, 4, 8, 16, har zuwa ita kanta. Adadin ya zo mara ne saboda murabba'i ce. A sauran lambobi masu rabawa suna zuwa biyu-biyu, ƙarami da babban abokinsa, amma a nan 4,096 ita ce abokiyar kanta.

Wani tsohon rabon kuma yana duba jimillar masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta zarce lambar, a ce mai rara ce: 12 tana rabuwa da 1, 2, 3, 4, 6, jimilla 16. In ta gaza, mai gibi ce. In ta zo daidai, kammalalliya ce, kamar 6 da 28 da 496 da 8,128, kuma irin waɗannan ba su da yawa. Ka tara masu raba tamu, daga 1 har 8,388,608, za ka samu 16,777,215. Ɗaya tak ya rage ta kammala. Haka duk 'yan gidansu suke, 2 da 4 da 8 da 16, kowacce gibinta ɗaya ne, kuma har yau masana ba su samo wata lamba mai gibin ɗaya a wajen wannan gida ba, ba su kuma tabbatar da cewa babu ita ba. Tambaya ce da yaro zai fahimta cikin minti biyu, ta gagari manyan duniya.

Akwai hanyar da Uƙlidis ya nuna tun kafin haihuwar Annabi Isa ta samar da kammalalliyar lamba daga wannan gida: ka ɗauki ɗaya daga cikinsu, ka ninka ta ka cire ɗaya, in abin da ya fito lambar tushe ce, to riɓanya su biyun zai ba ka kammalalliya. Huɗu da bakwai suka ba da 28. Tamu ba ta dace ba, domin ninkinta ban da ɗaya, 33,554,431, yana warwarewa zuwa 31 sau 601 sau 1,801. Amma saiwarta, 4,096, ta dace: 8,191 lambar tushe ce, riɓinsu kuma 33,550,336, kammalalliya ta biyar a jeri. Farautar irin waɗannan lambobin tushe ba ta tsaya ba. A Oktoba 2024, wata guda kafin cikar mintocin mita, wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano wadda ta zarce duk na baya: biyu riɓanye da kanta sau 136,279,841, a cire ɗaya. Alƙalumanta sun haura miliyan 41.

Abin da ya fi burge ni shi ne maƙwabtanta. Mutum zai zaci lambobin da ke jere da juna za su yi kama, amma ko kusa. Ta ƙasa da ita, 16,777,215, wato minti na ƙarshe da mita ta iya ɗauka, gida ne mai cike da baƙi: 3 sau 3 sau 5 sau 7 sau 13 sau 17 sau 241. Masu raba ta 96 ne, jimillarsu ban da ita 21,276,801, don haka mai rara ce, alhali mara ce, kuma mara mai rara ba kasafai ake samunta ba. Ta farko a duk jerin lambobi sai an kai 945. Waɗannan baƙi na 16,777,215 ne ma suka sa in ka raba tamu da 3, ko 5, ko 7, ko 9, ko 13, ko 17, kullum ragowar ɗaya ce. Ta sama da ita, 16,777,217, ita ce 97 sau 257 sau 673, mai gibi ƙwarai, masu raba ta duka ba su tara fiye da 264,199 ba. Ka ja baya taku uku daga tamu kuma, 16,777,213 lambar tushe ce da ba ta rabuwa da kowa. Cikin taku biyar ka haɗu da hali huɗu mabambanta.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk nishaɗin masana ne. Mu je wurin rabon gado. Malamin fara'ili ba ya soma rabo sai ya duba dangantakar lambobi: tamasuli in iri ɗaya ne, tadahuli in ɗaya tana shiga cikin ɗaya, tawafuƙi in suna da mai raba su tare, tabayuni in ba abin da ya haɗa su. A ce mamaci ya bar naira 16,777,216 da 'ya'ya da mata da uwa. Tumunin matar zai fita sumul, naira 2,097,152, domin takwas tana shiga cikin lambar. Sudusin uwa ba zai fita ba sai da ɓarin kwabo, domin a cikin shida akwai uku, tsakanin uku da lambarmu kuwa tabayuni ne. Shi ya sa asalin mas'ala ke komawa 24 in tumuni ya haɗu da sudusi: ita ce ƙaramar lambar da takwas da shida ke shiga cikinta tare. Dalilin bai bambanta da wanda ya sa kiret ɗin lemo ke ɗaukar kwalba 24 ba, kuma ake sayar da kaya dozin-dozin: goma sha biyu da ashirin da huɗu suna kasuwa biyu, uku, huɗu, shida, dillali ya raba wa 'yan tireda ba gardama. Kwalabe 16,777,216 in aka zuba su a kiret, za a cika 699,050 a bar 16 a ƙasa. Lambar da ta fi dacewa da na'ura ba ita ta fi dacewa da kasuwa ba, kuma mai kula da sito yana tsaye ne a tsakaninsu.

Tabayunin nan yana aiki a jikin kowane kwali mai zanen layukan da ake haskawa a kanti. Lambar da ke ƙarƙashin layukan alƙaluma 13 ce, kayan da aka yi wa rajista a Najeriya suna farawa da 615, alƙalami na ƙarshe kuma mai gadi ne. Ana riɓanya alƙaluman da ɗaya da uku bi da bi, a tara, a zaɓi na ƙarshen yadda jimilla za ta rabu da goma. An zaɓi uku ne saboda ba abin da ya haɗa ta da goma, don haka duk alƙalami ɗaya da aka kuskure sai jimillar ta goce an gane. Da biyu ko biyar aka sa, da wasu kurakuran sun sulale. Lambar asusun banki mai alƙaluma goma ma da uku da bakwai ake auna ta, bisa wannan hikima.

Ta fuskar launi maganar gajeriya ce. Allon kwamfuta yana haɗa ja da kore da shuɗi, kowanne mataki 256, riɓinsu 16,777,216. Shi ne "launi miliyan 16" da masu sayar da waya ke faɗa. Mai zana ledar biskit ko kwalin sabulu yana zaɓe ne daga cikin wannan adadi, ko da yake injin buga kwali da tawada huɗu yake aiki kuma ba duk abin da allo ya nuna yake iya fitarwa ba.

Inda nake ganin lambar ta fi zama haɗari ga masana'anta shi ne inda ba a yi mata shela ba. Yawancin injinan zamani, na cika kwalba, na narka roba, na awon ruwan da ke shiga gangunan jima, ƙananan kwamfutocin sarrafawa ne ke tafiyar da su, waɗanda injiniyoyi ke kira PLC. Ɗaya daga hanyoyin da suke ajiye adadi ita ce lamba mai ɗigo ta gurbi 32, bisa ƙa'idar da aka tsayar a 1985. A wannan tsari, gurbi 23 da wani guda ɗaya na ɓoye da ba a rubutawa, wato 24, ne kawai ke riƙe da ainihin alƙaluman; sauran suna faɗin girma da alama. Muddin ƙidaya ba ta wuce 16,777,216 ba, kowace cikakkiyar lamba tana da mazauni. Daga nan sai tsarin ya koma tafiya biyu-biyu: akwai 16,777,216, akwai 16,777,218, amma 16,777,217 ba ta da wurin zama. In na'ura ta ƙara ɗaya, sai sakamakon ya zame ya koma inda yake. Ta sake ƙarawa, ya sake komawa. Inji yana gudu, kaya suna fita, allo ya tsaya cak a kan adadi ɗaya, ba ƙararrawa, ba jan fitila. Layin da ke fitar da kwalba goma a daƙiƙa, in ba a tsaya ba kuma ba a share ƙidayar ba, zai kai wurin cikin kwana goma sha tara da 'yan awoyi.

Na'urar tara awon ruwa ko na man dizal ta fi shiga matsala, domin ƙanana-ƙanana take tarawa. In tana ƙara kashi ɗaya cikin goma na lita a kowane bugu, tun a 2,097,152 za ta cije. Kafin nan ma, daga 524,288, kowane ƙari ana kumbura shi da rubu'i, ta riƙa nuna an sha abin da ba a sha ba. Ka duba abin da wannan zai haifar a kamfanin da ake lissafin dizal kamar zinare: manaja ya ga takarda da tanki sun saɓa, zargi ya faɗa kan mai gadi ko direban tanka ko yaron janareta, a kori talaka da tabon sata, alhali kuskuren yana cikin yadda aka ajiye lamba. Haka ma manhajar da ke ƙirga kuɗi da kwabo ta wannan hanya: daga naira 167,772 da kwabo 16 za ta soma zubar da kwabo. Wannan ne ya sa na ce sanin halin lamba ya shafi adalci a wurin aiki.

Maganin sananne ne. Ko dai a ajiye ƙidaya a matsayin cikakkiyar lamba mai faɗin gurbi, ko a kasa ta biyu, ƙarama ta riƙa cika tana zubawa a babba. Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri sun san wannan hanya ta biyu. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da riyal ɗaya na azurfa, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara a kan aƙalla wuri miliyan 300. Ba wanda ke riƙe irin wannan adadi a ka ɗaya bayan ɗaya. Biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara ƙananan tsibi, a haɗa su zuwa dubu, in an kai dubu ashirin a ɗaure keso guda a jingine, a buɗe sabon ƙirge daga farko, wani kuma yana ƙirga kesunan. Da lambarmu ta zo hannun maƙirgin Kasuwar Kurmi, da ya ce keso 838 ne da wuri 17,216, kuma ba wuri ɗaya da zai ɓace masa a hanya.

Lambarmu tana da yayye da ƙanne, kowanne da ranarsa. Gurbi 32 mai alama yana ƙarewa a 2,147,483,647, lambar da masanin lissafi Euler ya tabbatar a 1772 cewa ta tushe ce. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi da ita tun daga farkon 1970, za su kuma cika a ranar 19 ga Janairu 2038. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta umarci masu jirgin Boeing 787 su riƙa kashe wutarsa suna kunnawa lokaci-lokaci, domin na'urorin da ke kula da janaretocinsa suna iya ɗaukewa gaba ɗaya in sun yi kwana 248 a kunne ba hutu; ka ƙirga kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa har wancan adadi, kwana 248 za ka samu. In kamfani irin wannan ya yi tuntuɓe a nan, ba abin kunya ba ne ga masana'antar Sharada ta tsaya ta bincika nata.

Kuma binciken ya fi wajaba a kanmu, domin injina da yawa a Bompai da Sharada da Challawa na hannu ne, an sayo su bayan sun yi aiki a wata ƙasa, wani lokaci ba littafin, ba wanda ya rubuta manhajar, kuma da yawansu za su kai 2038 suna aiki. Aiki ne da ɗaliban injiniya da na lissafi na Jami'ar Bayero, da ta kimiyya da fasaha ta Wudil, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano za su iya yi a watannin koyon aiki da suke zuwa yi a waɗannan kamfanoni, maimakon a bar su suna zaman jiran sa hannu. A bi kowane inji a rubuta abu uku: me yake ƙirgawa, a gurbi nawa yake ajiyewa, da wane sauri ƙidayar ke hawa. A raba iyakar da saurin, ranar ta fito. Wasu za su ba da ɗaruruwan shekaru, a wuce su. Wasu kuwa gurbi 16 kawai aka ba su, iyakarsu 32,767, kuma layin da ke rufe katan ɗaya a daƙiƙa yana cinye wannan cikin awa tara da 'yan mintoci, kafin masu aikin dare su karɓi na rana.